Tasi'u da Yayen Kankana

Tasi'u mutum ne mai kirki, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Ba shi da ƙyuya, ba ya cin haƙƙin kowa. Abu guda ne ya hana shi sakat a duniya: ba ya iya jira. Idan matarsa Ummussalma ta ɗora tukunya, sai ya ɗaga murfin sau uku kafin ruwan ya tafasa. Idan ya zauna a majalisa, ƙafarsa na kaɗawa, makulli na juyawa a yatsansa, kafin ka kai tsakiyar labari shi ya riga ya miƙe. Ko gaisuwa ce, kana kan "ina gajiya" shi ya kai "sai an jima". Ni Adam, da gonata ta yi iyaka da wadda ya noma, na yi fama da wannan hali nasa rani guda cur, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ƙauyenmu yana bakin kogin Haɗeja, tafiyar rabin awa a babur daga cikin gari. In damina ta wuce ruwa ya janye, sai ya bar mana fadama baƙa wuluk mai danshi, mu shiga noman rani. Tasi'u kuwa ko taku ɗaya ba shi da shi a fadamar nan. Mahaifinsa tela ne, keken ɗinki kawai ya bari. Shekara bakwai Tasi'u ya yi yana jan adaidaita sahun wani a cikin Haɗeja, daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti, har bayansa ya fara ciwo. Kullum maganarsa ita ce da zai samu ƙasa tasa ta kansa, da ya ajiye makullin nan bai ƙara waiwayarsa ba. Ummussalma ma burinta ke nan, don 'yar manoma ce, kuma ta gaji da zaman ɗar-ɗar duk lokacin da ta ji an yi haɗari a titi.

Akwai wan mahaifiyarsa, Baba Zarami, dattijo mai ƙarancin magana wanda kakanninsa suka taso daga bakin tafkin Cadi. Shi ke da Gonar Ɓaure, wadda duk fadamarmu babu mai kyanta. Tana kwance dab da kogi, ƙasarta da laushi, sai can kusurwar gabas ta ɗan yi tudu a gindin wani tsohon ɓaure. Gwiwoyin Baba sun gaza, 'ya'yansa kuma duk mata ne. Mijin babbar 'yarsa, Abdulganiyyu, ya daɗe yana son gonar, amma zuciyar tsohon tana wajen ɗan ƙanwarsa da ba shi da komai. Ranar da ruwa ya fara janyewa daga fadama, ya kira Tasi'u zaurensa, ya kira ni a matsayin shaida.

"Na ba ka aron Gonar Ɓaure rani ɗaya," in ji shi. "Ka shuka abin da ka ga dama, amma babban ɓangaren na kankana ne. Tun zamanin mahaifina ba a sayar da kankanar gonar nan sai mai gona ya tsinki ta farko da hannunsa ya fasa. Zan zo in tsinka. In na ga noman ya yi, na bar maka ita kyauta a gaban shaidu. In bai yi ba, Abdulganiyyu na jira."

Tasi'u ya yi ta godiya, har da ƙwalla. Amma ina lura da shi, tun tsohon bai rufe baki ba ya riga ya zura ƙafa ɗaya a takalmi.

Ka ga, mu nan ba kalanda muke dubawa ba kafin dashe. Laka ake dunƙulawa a hannu a matse. In ruwa ya tsatso ta tsakanin yatsu, ƙasa ba ta shirya ba, sai a ƙara mata kwanaki. Na nuna wa Tasi'u wannan da hannuna, ruwa na ɗiga har gwiwar hannu, na ce ya ba ta mako guda. Ya ce to. Washegari da na zo, sai na tarar da mutumin naka tsamo-tsamo cikin taɓo, ya dasa tumatir fangali goma sha biyu. Wai ya ga wani a hanyar Miga ya riga ya dasa, shi ba zai zauna a wuce shi ba. Na ce masa gonar wancan jigawa ce, tamu kwari ce, ya ce ai duk ƙasa ƙasa ce. Kwana shida tsiron ya yi rawaya, ya kwanta. Da muka tuge ɗaya, saiwar ta ruɓe tana wari.

Allah ya taimake shi ina da ragowar irin dashe. Na ba shi, muka sake dasawa a lokacin da ya dace, kuma wannan karon ya kama. Sanyi ya shigo, tumatir ya yi kore shar, ya yi fure, ya ɗauki 'ya'ya har rassan na rinjaya. Gaskiya Tasi'u ya yi aiki. Tun da sassafe yana gona, ya yi cira, ya gyara magudanar ruwa, ya ja tiyo daga injin ban ruwa zuwa kowane fangali. Matsalar ita ce ko babu aiki sai ya ƙirƙiro. Ya ɗaga wannan ganye, ya matsa wancan ɗa ya ji ko ya yi taushi, ya zagaya gonar ya dawo ya sake zagayawa. Ni da ke gefe har jiri yake sa ni.

Da tumatir ya nuna, ya nuna wa kowa a lokaci guda, kamar yadda yake yi duk shekara. Kwanduna suka yi jibge a bakin titi, masu saye suna yanga, kaya na narkewa a rana. Ummussalma ta ba shi shawara mai kyau. Ta ce ya riƙa kawo mata gida tana yankawa tana shanyawa, su yi kauɗa su adana, in damina ta zo ai nemanta ake yi ruwa a jallo. Ta ce kuma kada ya taɓa shukar, don wanda ya riƙe tumatirinsa har ƙarshen sanyi shi ke dariya. Kwana biyu ya kai mata. A rana ta uku ya je kasuwar Kafin Hausa, ya ga ana rububin attarugu, ya dawo idonsa a rufe. Kafin la'asar ya tuge rabin tumatirin nan, da furensa da ɗanyun 'ya'yansa, ya watsar a kan iyaka, ya dasa attarugu.

Wallahi ranar sai da na ajiye fartanya na tsaya ina kallonsa. Na ce, Tasi'u, attarugun da ka gani a kasuwa wata uku ke nan da dasa shi, kai naka zafi zai tarar yana fure. Ya ce in bar shi ya gwada sa'arsa. Haka kuwa aka yi. Bayan mako uku tumatir ya yi wuya, masu saye suka dawo suna bin mu har cikin gona suna lallashi, shi kuma rabin nasa ya bushe a kan iyaka. Attarugun ya tashi a daddafe, zafi ya shigo ya kakkaɓe furen tas. Labari ya kai kunnen Baba Zarami. Na ɗauka zai yi faɗa, amma abin da ya ce kawai shi ne, kankana yake jira.

Kankanar mun shuka ta ne da sanyi ya fara sassautawa, a shekarar da azumi zai faɗo tsakiyar zafi. Kwana uku da shuka na kama Tasi'u a durƙushe yana tona rami da yatsa, wai yana duba ko irin ya tsaga. Na ce in ya ƙara tona rami ɗaya zan kira kawunsa a waya. Ya yi dariya ya mayar da ƙasar. A raina na ce wannan kankana in ta kai labari, to ikon Allah ne kawai.

Ikon Allah kuwa ya zo ta inda ba mu zata ba. Aka yi gayyar sare kacala, doguwar ciyawar nan da ke toshe mana hanyar ruwa. Kowa ya zo da takalmin roba, Tasi'u ya manta nasa a gida, kuma komawa ɗaukowa a wurinsa ɓata lokaci ne. Ya faɗa ruwa ba takalmi. Ko awa ba a yi ba kututturen kacala ya huda masa tafin ƙafa. Ƙafar ta kumbura, aka kai shi asibiti aka yi masa aiki, likita ya ce kada ya kuskura ya taka ƙasa sai bayan wata guda. Allah na tuba, ban ji daɗin ciwonsa ba, amma babu alherin da ya samu Gonar Ɓaure a ranin nan kamar wannan kututture.

Ni na karɓi ban ruwan. Duk kwana huɗu in tayar da injin, in saki ruwa ya bi magudana ya jiƙa fangali, in kashe in tafi harkata. Kusurwar gindin ɓauren ce kawai ruwa ba ya hawa saboda tudu, sai in ɗebo a bokiti in kai wa 'yan kan kankanar da ke wurin. Ban da wannan ban taɓa komai ba. Tasi'u kuwa yana kwance a gida yana cin wayata da kira. Ta yi yaɗo? Ta yi fure? Yanzu 'ya'yan sun kai ƙwai ko sun kai lemo? A rana sai ya kira sau goma. Ummussalma ta gaya wa matata cewa sau biyu tana kama shi yana rarrafe zuwa zaure da niyyar tsayar da ɗan acaɓa, har sai da ta ɓoye masa takalma a cikin buhun kauɗa.

Ranar da ya dawo yana ɗingishi da sanda, tsayawa ya yi a bakin gona yana kallo. Yaɗo ya rufe ƙasa ruf, ba ka ganin ko tafin hannu na turɓaya, ga 'ya'ya kwance ko'ina masu zane-zane, sumul-sumul. Manoma na wucewa suna tsayawa suna sa albarka. Tasi'u ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya Adam, ashe zan yi gona." Ni kuwa na san abin da ƙasar nan take nufi a wurinsa.

Ana saura kwana biyar azumi, Abdulganiyyu ya kawo Baba Zarami a bayan babur. Tsohon ya taka a hankali, ya durƙusa da ƙyar, ya ƙwanƙwasa kankana biyu, ya duba ɗan siririn zaren nan da ke fitowa kusa da hancin kowace. Zaren yana kore tukuna.

"Lokacin yaye ya yi," in ji shi. "Daga yau ko ɗigon ruwa kada ta gani. Kwana goma. Ran biyar ga azumi zan dawo da wuƙata."

Ga wanda ba manomi ba, yayen kankana shi ne a yanke mata ruwa in ta gama girma. Ƙishin nan shi ke tara mata zaƙi, ya sa cikinta ya yi ja. In zaren ya bushe, gefen da ke kwance a ƙasa ya yi rawaya, ta nuna ke nan. Babu wani aiki a ciki. Hasali ma aikin shi ne kada ka yi komai, kuma a duk duniya babu abin da ya fi wannan yi wa Tasi'u wuya.

Kwana biyun farko ya daure, amma daurewar ban tausayi. Da rana ta take, ganyen kankana yakan yi laushi ya sunkuya, da yamma kuma ya miƙe. Duk manomi ya san haka. Shi kuwa da ya ga ganye ya sunkuya sai hankalinsa ya tashi. Ya zo iyaka ya ce mini tana mutuwa, in ce ba ta mutuwa. Ya tafi ya dawo ya ce in zo in gani da idona. Ya je wajen injin ya shafa shi, ya buɗe tanki ya leƙa mai, ya rufe. Ya bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana kara kunne. Ga zafi, ga ɗingishi, ga gumi na zuba, amma zama ya gagare shi.

A rana ta uku sai ga Haris. Haris dillalin kayan gwari ne, mai zaƙin baki, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba a rayuwarsa. Ya zagaya gonar yana kaɗa kai, ya ce kaya sun yi kyau, sai dai girman ne da ɗan saura. Ya ce akwai babbar mota da za ta yi lodi ran ɗaya ga azumi ta yi kudu, kuma wanda kayansa suka riga shiga kasuwa a farkon azumi shi ne ya more rani. Ran biyar ga wata kuwa, in ji shi, kankana za ta cika ko'ina kamar yadda tumatir ya yi. Da Tasi'u zai watsa mata ɗan takin yuriya ya sake mata ruwa sosai, ai kafin motar ta iso ta kumbura ta cika ido. Tasi'u ya ce kawunsa ya hana a tsinka sai ya zo. Haris ya yi murmushi ya ce ai sai a kira tsohon ya zo da wuri, wane dattijo ne zai ƙi ganin ɗansa ya cika mota.

Ina gonata na ji ƙarar injin. Na yar da abin da ke hannuna na tsallaka iyaka a guje, na tarar ruwa na malala cikin kankana, fararen ƙwayoyin taki na narkewa a gindinta. Ban yi wata-wata ba na kashe injin. Tasi'u ya zo ya ja igiya ya tayar. Na sake kashewa.

"Tasi'u, kwana bakwai ya rage maka," na ce. "Bakwai kacal. Shekara bakwai ka yi a kan titi, ka kasa jiran kwana bakwai?"

"Yaya Adam, ka ga yadda aka yi da tumatir. Ba zan sake zama kaya su ruɓe mini a bakin titi ba."

"Ba kasuwa kawunka zai duba ba, gona zai duba."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja. "Gonarka ce ko tawa?"

Maganar nan ta ƙona mini rai. Ni da na yi wata guda ina jan tiyo da ɗaukar bokiti saboda shi, yau ni ake tambaya gonar wa ce. Na ce taka ce, Allah ya ba da sa'a, na juya. Da na danne zuciyata na kira Baba Zarami a lokacin, wataƙila da an ceci wani abu, don ruwan bai gama ratsa ƙasa ba. Fushi ya hana ni, kuma wannan laifina ne, ban taɓa ɓoye shi ba. Ranar injin bai huta ba sai magariba. Washegari ma haka, har ruwa ya kwanta a fangali yana ƙyalli.

Da farko kamar Haris ya yi gaskiya. Ganye ya miƙe, 'ya'yan suka ƙara cika, fatarsu ta ɗame tana sheƙi. Tasi'u ya riƙa ɗaga murya yana waya don in ji, yana cewa a gaya wa direba ya zo da wuri. Ana gobe azumi, da rana ta take, ina zaune a inuwa sai na ji wani sauti daga gonarsa, ɗas. Jim kaɗan na sake ji. Na san ko mene ne tun kafin in tashi. Kankanar da ta yi kwana uku da ƙishi ta sha ruwa fiye da abin da ɓawonta zai ɗauka, ta fara darewa. Wata ta tsage daga hanci har gindi, wata ta buɗe baki biyu, ruwa na tsiyaya. Tasi'u yana gudu daga wannan zuwa waccan da ɗingishinsa, yana haɗa tsagar da tafin hannu biyu, sai ka ce za ta koma ta manne. Kafin yamma ƙudaje sun cika gonar.

Ran ɗaya ga azumi motar ta tsaya a bakin hanya, Tasi'u kuwa bai kira kawunsa ba. Haris ya shigo yana toshe hanci, ya tsallake fasassun, ya zaɓi babba cikin waɗanda suka tsira, ya sa wuƙa. Cikinta fari-fari ne, ja kaɗan a tsakiya, ruwa tsululu. Ya fasa ta biyu, ita ma haka. Ya goge wuƙarsa a ganye ya ce shi ba zai iya ɗora wa mutane wannan ba, kaya irin wannan ko Kano ba za su kai ba sun zube. Ko a fuskarsa babu alamar ya tuna wanda ya ba da shawarar. Motar ta wuce gaba neman kaya. Da magariba Tasi'u ya kai ɗaya gida suka ɗanɗana, Ummussalma ta gaya wa matata cewa lami ce salam, ta kasa haɗiyewa don kuka.

Kwanakin da suka biyo baya muka yi ta kwasar ruɓaɓɓu muna zubar wa shanun makiyaya. Na sauko daga fushina na zo na taya shi. Ran biyar ga azumi bayan la'asar Abdulganiyyu ya kawo Baba Zarami kamar yadda aka yi alkawari. Tsohon ya shiga gonar da sandarsa, yana taka ƙasar da har yanzu take nutsewa. Ya dubi yaɗon da ya fara ruɓewa, ya dubi ɓawon da ke warwatse, ya sa sanda ya tono ragowar farin takin da bai narke ba. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ci gaba da tafiya har kusurwar gabas, ya hau ɗan tudun nan na gindin ɓaure. A can akwai kan kankana biyar ko shida, ganyensu ya yi yaushi, ƙasarsu a bushe ƙamas. Ya durƙusa, ya duba zaren wata matsakaiciya, ya juya ta ya ga rawayan cikinta, ya ƙwanƙwasa, ya yanke ta.

Ya ce a nan za mu sha ruwa. Muka shimfiɗa tabarma a gindin ɓauren, ga kunu da ƙosai da Ummussalma ta aiko. Da aka kira salla daga ƙauye muka ci dabino, sai Baba ya yi bisimilla ya ɗora wuƙa. Wuƙar ba ta kai rabi ba kankanar ta buɗe da kanta. Ja wur, 'ya'yanta baƙi sidik, ƙamshinta ya tashi. Ya yanka ya miƙa wa kowa. Na shekara talatin ina noman kankana, ban taɓa sa mai zaƙin wannan a bakina ba. Na dubi Tasi'u na ga fuskarsa ta washe, ya gyara zama, yana duban kawunsa yana duban wuƙar. Na gane abin da yake tunani: Baba ya tsinka da hannunsa, ya fasa, ta yi ja, ta yi zaƙi. Ni kaina sai da na sa rai.

Baba Zarami ya gama cin nasa a natse, ya ajiye ɓawon.

"Tasi'u, a ina na tsinko wannan?"

"A nan gindin ɓaure, Kawu."

"Ruwan da ka saki ya hau nan?"

Tasi'u ya ce, "Bai hau ba."

"Takin fa?"

"Ban kawo nan ba."

"To ka ji abin da gonar nan gaba ɗaya ta yi niyyar ba ka," in ji tsohon. "Ita kaɗai ce hannunka bai kai gare ta ba, ita kaɗai ce ta nuna. Ina son ka, ɗan ƙanwata ne kai. Amma ƙasar nan amana ce a wurina, ba zan bar ta a hannun da ba ya iya barinta ta huta ba." Ya juya ya ce, "Abdulganiyyu, in ruwa ya janye baɗi, ka shiga. Adam, ka shaida."

Na ce na shaida, kuma ban taɓa furta kalma mai nauyin wannan ba. Tasi'u bai yi musu ba, bai roƙa ba. Yankin kankanar na hannunsa, ya ci rabi, ruwanta na bin yatsunsa yana ɗiga a tabarma. Muka tashi muka yi salla, muka naɗe tabarma, shi yana nan zaune. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya daɗe a wuri ɗaya haka ba.

Bayan Ƙaramar Salla ya koma ya karɓi makullin adaidaita sahun. Da rani ya zagayo, Abdulganiyyu ya noma kankana a Gonar Ɓaure, ya yaye ta kwana goma, ta yi kyau. Ranar da za a fitar da ita bakin titi aka nemi mai adaidaita, kuma wanda aka samu a tasha shi ne Tasi'u. Ya zo ya tsaya a bakin gonar, ya kashe injin, ya jira har aka gama lodi. Da zai tafi Abdulganiyyu ya miƙa masa guda biyu ya ce ya kai wa Ummussalma. Ya karɓa ya yi godiya, ya ajiye su a gefen ƙafarsa, ya ja a hankali saboda ramukan hanya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba ƙyuya kaɗai ke raba mutum da rabonsa ba, garaje ma yana yi. Tasi'u ya fi mu duka zuba gumi a ranin nan, amma bai yarda cewa akwai lokacin da aikin manomi shi ne ya janye hannunsa ya jira ba. Duk abin da kake reno, shuka ce, sana'a ce ko tarbiyyar iyali, yana da kwanakin da dole sai ya cika su, kuma ƙarin ruwa ko ƙarin taki ba ya rage ko ɗaya. Ka saurari wanda ya daɗe a kan aikin, ka yi hattara da mai zuga ka wanda ba abin da zai rasa in ka faɗi. In kuma ka ga ɗan'uwanka zai yi ɓarna, kada fushi ya sa ka juya masa baya kamar yadda na yi. Kwana bakwai Tasi'u ya kasa jira, ya rasa gonar da zai ci har tsufansa.